Horon Malamai Domin Unguwannin Talakawa a Biranen Amurka, da Hannun Attajirai a Cikinsa

Wannan takarda ta shafi wani yanki ne na tarihin ilmi a Amurka, watau yadda aka yi ta ƙoƙarin horar da sababbin malamai domin makarantun unguwannin talakawa na manyan birane, da irin hannun da masu dukiya suka sa a cikin aikin. Duk mai aikin horon malamai ya san wuyar abin. A ɗauki saurayi a cika shi da karatu, sa'an nan a tsai da shi gaban yara arba'in, waɗansunsu ko kumallo ba su karya ba, a ce masa bismilla. Da wuya a sami ƙasar da attajirai suka zuba dukiya domin warware wannan wuya kamar Amurka, saboda haka labarinta ya isa a duba shi, ko don a ga iyakar abin da kyauta ta ke iya yi.

Kafin a shiga labarin ya kamata a bayyana abu biyu. Na farko, a Amurka ba Gwamnatin Tarayya ce ke riƙe da makarantu ba. Kowane gari ko gunduma da hukumar ilminsa, ita ke ɗaukar malamai, ita ke biyansu, kuma babban rabo na kuɗin daga harajin gidaje da filaye na wurin ya ke fitowa. Inda gidaje ke da tsada makaranta ta wadata, inda suka lalace ita ma ta tsiyace. Na biyu shi ne abin da a ke kira gidauniya. Ta yi kama da waƙafi. Attajiri ya kan ware dukiya ya danƙa ta ga amintattu, su juya ta, su riƙa kashe ribar a kan ayyukan alheri, gwamnati kuwa ta sassauta mata haraji. Amma al'adar gidauniyoyin nan ita ce ba su ɗaukar albashin mutum har abada. Su kan ba da kuɗi na shekara uku ko biyar a gwada wata dabara, da nufin in ta yi kyau hukuma ta karɓa ta ci gaba. Yawancin abin da ya auku cikin wannan tarihi a daidai wannan gaɓa ta miƙa hannu ya auku.

Mafarin labarin ya girmi gidauniyoyin duka. A watan Disamba na 1851 wata farar mace mai suna Myrtilla Miner ta buɗe makaranta a Washinton, babban birnin ƙasar, da 'yan mata shida, 'ya'yan baƙar fata waɗanda ba bayi ba. A lokacin ba a hana bauta a birnin ba tukuna, sai a 1862. Ita Miner ta taɓa koyar da 'ya'yan masu gandu a Mississippi, ta roƙi a bar ta ta koya wa 'ya'yan bayi karatu, aka hana ta. Nufinta a Washinton shi ne ta horar da mata su zama malamai ga jama'arsu. Hukuma ba ta ba ta ko anini ba. Kuɗin ya fito ne daga 'yan ɗariƙar Kirista da a ke kira Quaker, da sauran masu ƙin bauta, har marubuciyar nan Harriet Beecher Stowe ta ba da dala 1,000 daga cinikin littafinta. Masu gidajen haya suka yi ta korar makarantar, 'yan iskan gari suka yi ta jifa, har aka taɓa sa wa ginin wuta. A 1860 aka rufe ta, Miner kuma ta rasu a 1864. Amintattu suka riƙe abin da ya rage na dukiyar, aka sake buɗewa bayan yaƙin basasa, sa'an nan a 1879 makarantar ta shiga cikin tsarin makarantun hukuma na birnin. A 1929 ta zama kwaleji mai ba da digiri, ta ci gaba da sunan Miner har 1955, sa'ad da aka gama ta da takwararta ta fararen fata.

Cikin shekarun nan duka wadda ta fi muhimmanci ita ce 1879. Kyauta ce ta haifi makarantar, amma da an bar ta ga kyauta da ba ta kai ko'ina ba. Abu na biyu da ya kamata a lura da shi, waɗanda ta horar 'ya'yan birnin ne, a nan iyayensu su ke, a nan suka koyar har suka tsufa.

Bayan wannan sai duniya ta juya. Tsakanin kimanin 1910 da 1970 baƙar fata wajen miliyan 6 suka yi ƙaura daga gonakin Kudu zuwa biranen Arewa da Yamma, neman aiki da gudun wulaƙanci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma fararen fata masu abin hannu suka riƙa fita daga cikin birane suna komawa sababbin unguwannin bayan gari, suka tafi da harajinsu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 wanda ya haramta raba makarantu saboda launin fata ya ƙara wa wannan fita sauri a waɗansu wurare, a Kudu kuwa malamai baƙar fata dubbai suka rasa aikinsu sa'ad da aka rufe makarantunsu. Akwai kuma wata ƙa'ida a yawancin birane wadda ta ba malamin da ya daɗe damar zaɓar inda za a mai da shi. To, kowa ya sami dama sai ya nemi unguwa mai sauƙi. Makarantar talakawa ta zama zangon sababbin malamai da na wucin gadi, mutum ya yi shekara biyu ya koyi aiki a kan 'ya'yan matalauta, da hannunsa ya faɗa ya kai gwanintar wani wuri.

A wannan zamani ne Gidauniyar Ford ta shigo. An kafa ta tun 1936, amma sai bayan mutuwar Edsel Ford a 1943 da ta ubansa Henry a 1947 ta gaji dukiyar da ta sa ta fi kowace gidauniya a ƙasar. A 1951 ta kafa wani asusu na musamman domin kyautata ilmi, a ƙarƙashin Clarence Faust. Ra'ayin mutanen asusun shi ne kwalejojin horon malamai sun cika ɗalibai da darussan dabarun koyarwa, sun bar su da ƙarancin sanin abin da za su koyar. Maganin da suka kawo shi ne ɗalibi ya yi shekara huɗu yana karatun fanninsa tsantsa, a shekara ta biyar a sa shi a aji yana koyarwa da ɗan albashi, ana duba shi. Suka nemi su juya jihar Arkansas gaba ɗaya a kan wannan tsari. Malaman kwalejoji suka tashi tsaye, gama sun ga tuwonsu a ke nema a ƙwace, kafin ƙarshen shekarun 1950 gwajin ya shiririce. Gidauniya ba ta fasa ba, ta juya ga manyan jami'o'i irin su Harvard, ta zuba miliyoyin dala a kan digiri na biyu na koyarwa. An sami malamai masu kaifin ƙwaƙwalwa, babu shakka. Sai dai ɗaliban Harvard a garuruwan masu hali na kewayen Boston, kamar Newton da Lexington, a ke kai su gwajin koyarwa, kuma wanda ya koyi aiki a irin wannan wuri can ya kan so ya zauna. Ruwa aka ƙara wa kogi.

Wanda ya tona wannan a fili shi ne James Conant, tsohon shugaban Harvard ɗin kanta, cikin littafinsa Slums and Suburbs na 1961, wanda gidauniyar Carnegie ta biya kuɗin bincikensa. Ya nuna a unguwar masu arziki a kan kashe har dala 1,000 a kan yaro guda a shekara, da ma'aikata wajen 70 ga yara 1,000, a cikin birni kuwa ba a kashe rabin haka, ma'aikatan kuma 40 ne ko ƙasa. Ita ma Ford ta riga ta fara juyowa, domin daga 1960 ta shiga ba hukumomin ilmi na manyan birane kamar Shikago da Detroit da Philadelphia kuɗi su gwada dabaru a unguwannin da suka lalace. A Milwaukee kuma wani malamin jami'a, Martin Haberman, ya fara horar da masu digiri a cikin makarantun birni sosai a 1962. Ba laifi a ambata a nan cewa a tsakiyar shekarun 1960 ɗin nan gidauniyar ta Ford ta biya kuɗi Jami'ar Wisconsin ta aiko da malamai kwalejojin horon malamai na Jihar Arewa ta Nijeriya. Hannu guda ne ya yi aiki a can da nan, kuma a wuraren biyu da wa'adi ya zo.

Amma gwajin da ya fi cancanta a tsaya a kansa a Washinton aka yi shi, a wata makarantar sakandare mai suna Cardozo. A tsakiyar shekarun 1960 kusan tara cikin goma na yaran makarantun birnin baƙar fata ne. Mutanen birnin ba su da ikon zaɓen masu mulkinsu, Majalisar Ƙasa ke yanka musu kasafi, alƙalai ke naɗa 'yan hukumar ilmi har zuwa 1968. Shugabar makarantar Cardozo, Bennetta Washington, mace ce mai tsayawa a kan magana. A 1961 Shugaba Kennedy ya kafa ƙungiyar 'yan sa kai da a ke kira Peace Corps, aka tura samari da 'yan mata zuwa Gana da Nijeriya da Filifin da sauran ƙasashe, da yawansu aikin koyarwa suka yi. A 1963 rukunin farko ya fara komowa gida. Aka yi tunani cewa wanda ya iya zama cikin baƙin mutane shekara biyu, ya koyar a aji marar littattafai, bai gudu ba, watakila ya iya da unguwar talakawa ta ƙasarsa. Aka zaɓi mutum goma daga cikinsu aka kai su Cardozo. Wannan tunani yana da aibinsa, gama ya ɗauki unguwar da ba ta da nisa daga Fadar Shugaban Ƙasa tamkar wata ƙasar waje, mutanenta kuwa ba su rasa lura da haka ba.

Tsarin aikin shi ne abin sha'awa. Kowane ɗan koyo an ba shi aji biyu nasa na kansa tun daga ranar da aka buɗe makaranta, shi ke da alhakin yaran har ƙarshen shekara. A kansu akwai gogaggun malamai, ɗayansu Larry Cuban, wanda ya yi shekara bakwai yana koyar da tarihi a wata makarantar baƙar fata a Cleveland. Shi gogaggen ba a ofis ya ke zaune ba. Yana da nasa azuzuwan a cikin ginin, 'yan koyo su shiga su ga yadda ya ke yi, har su ga ranar da darasi ya ƙi shi, shi kuma ya shiga nasu ya zauna a baya, bayan an tashi su zauna su warware abin da ya faru. Da la'asar a yi darussan nazari a cikin makarantar, abin da aka gani da safe shi ne abin muhawara. An kuma ɗora musu aiki biyu. Ɗaya, su rubuta kayan koyarwa da hannunsu, domin littattafan da ke akwai ba su ambaci baƙar fata ba sai a babin bauta. Ɗaya kuma, su shiga unguwa, su ziyarci gidajen yara, su san iyaye. A ƙarshe Jami'ar Howard ta ba su digiri na biyu, hukuma ta ba su takardar shaidar malanta.

Wanda ya san yadda maƙeri ko majemi ya ke koya wa yaronsa sana'a ba zai ga baƙon abu a nan ba. Abin da ya zama sabo shi ne an sauke kwaleji daga matsayin uwar gida, an mai da makarantar talakawa ita ce wurin horo, ba wurin da a ke leƙawa mako shida a yi gwajin koyarwa a koma ba. Kusan duk abin da aka sake ganowa bayan shekara arba'in yana nan a Cardozo tun 1963.

Kuɗin Cardozo ba na attajiri ba ne kai tsaye. Ya fito daga wani kwamitin Shugaban Ƙasa na hana lalacewar matasa, wanda Robert Kennedy ya shugabanta, daga baya kuma daga ofishin yaƙi da talauci. Amma kwamitin nan da mutanen Ford abokan shawara ne, har sun haɗa kuɗi a kan wani babban aikin matasa a Niyu Yok, kuma halin kuɗin ɗaya ne, na gwaji ne, kowace shekara sai an sake roƙo. Kafin ƙarshen shekarun 1960 hukumar ilmi ta Washinton ta karɓi aikin, ta sake masa suna, ta faɗaɗa shi zuwa waɗansu makarantu. Da an ce ya tsira ke nan, kamar makarantar Miner. Ina! A 1971 shugabanci ya sake hannu, aka soke shi. Horon malami guda a wannan hanya yana da tsada, gama ana biyan ɗan koyo yana rabin aiki, ana kuma rage wa gogaggen malami azuzuwa, kuma ran da kasafi ya matse abin da ya shigo daga baya shi a ke fara fitarwa.

Kafin mutuwarsa ya bar magaji. Sanata Gaylord Nelson da Sanata Edward Kennedy suka ɗauki dabarar Cardozo da ta Milwaukee suka shigar cikin dokar ilmi mai zurfi wadda Shugaba Johnson ya sa wa hannu ran 8 ga Nuwamba, 1965. Aka kafa rundunar malamai ta ƙasa, Teacher Corps. A kan haɗa 'yan koyo kaɗan a ƙarƙashin gogaggen malami guda, a tura su makarantar talakawa shekara biyu, Gwamnatin Tarayya ta biya mafi yawan albashi. Tun daga fari Majalisa ta yi ta jan ƙafa wajen sakin kuɗi, har 'yan rukunin farko na 1966 suka gama horo ba su san ko za a biya su ba. Waɗansu 'yan Majalisa suna tsoron Gwamnatin Tarayya ta ƙwace ikon garuruwa a kan makarantunsu, saboda haka a 1967 aka mai da yawancin iko ga hukumomin gari. Binciken Ronald Corwin na 1973 ya nuna samarin sun sha karo da tsofaffin malamai, su suna ganin sun zo gyara, waɗancan suna ganin yara ne marasa kunya, makarantu da kwalejoji kuma ba su sake hali sosai ba. Duk da haka rundunar ta shigo da baƙar fata da yawa cikin aikin malanta. A 1981, zamanin Shugaba Reagan, aka narkar da kuɗinta cikin kason da a ke ba jihohi, ta ɓace.

Ita kuwa Ford ta ƙone hannu a wani wuri. A 1967 ta tallafa wa gwajin ba iyaye iko a kan makarantunsu a unguwar Ocean Hill-Brownsville ta Niyu Yok. Hukumar unguwar ta kori waɗansu malamai, ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki a 1968, yara fiye da miliyan guda suka zauna gida makonni. A 1969 Majalisa ta ɗora wa gidauniyoyi haraji da takunkumi. Daga nan suka yi sanyi da makarantun birni har wani lokaci.

Komowar attajirai da sabon salo ta zo. A 1989 wata ɗalibar Jami'ar Princeton, Wendy Kopp, ta rubuta kundin digirinta a kan kafa rundunar malamai wadda ba ta jiran gwamnati. Kamfanin mai na Mobil ya ba ta dala 26,000 ta fara, attajirin nan Ross Perot ya yi alkawarin dala 500,000 bisa sharaɗin ta samo ninkinsa uku a wani wuri, ta kuwa samo. A 1990 ƙungiyar Teach For America ta zaɓi mutum wajen 500 daga manyan jami'o'i, ta yi musu horo na 'yan makonni a Los Angeles, ta rarraba su makarantun talakawa da alkawarin shekara biyu. Daga baya horon ya tsaya a mako biyar. A nan ya kamata mai karatu ya lura da abin da aka ɗauka daga tsohuwar dabara da abin da aka bari. An ɗauki zaɓen haziƙai da wa'adin shekara biyu. An bar gogaggen malamin da ke koyarwa a ɗaki na kusa, an kuma bar rabin aiki, domin sabon malami cikakken aji ya ke karɓa da cikakken albashi daga hukumar gari. Watau an yar da abin da ke da tsada. Wannan ya sa ta yaɗu kamar wutar daji. A 2011 gidauniyar iyalin Walton ta ba ta dala miliyan 49.5, a 2013 kuma ta ɗauki sababbi kusan 6,000 a shekara guda.

An yi gardama mai zafi a kanta. Linda Darling-Hammond ta soke ta tun 1994, tana ganin ba daidai ba ne a ba 'ya'yan matalauta malamin da mai arziki ba zai yarda ya taɓa ɗansa ba. Masu goyon baya suka amsa da cewa ai waɗanda ke cikin azuzuwan nan da ma ba ƙwararru ba ne. Binciken da kamfanin Mathematica ya fitar a 2004, inda aka raba yara ga malamai ta hanyar ƙuri'a, ya nuna yaran 'yan ƙungiyar sun ɗan fi a lissafi, kimanin karatun wata guda, a karatu kuwa kunnen doki. Ko wane gefe ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi. Amma adadin da ya fi nauyi wani ne. Morgaen Donaldson da Susan Moore Johnson sun bi sawun 'yan ƙungiyar, suka buga a 2011 cewa kimanin 60 cikin 100 sun ci gaba da koyarwa bayan shekara biyun, amma bayan shekara biyar wajen 15 cikin 100 kaɗai suka rage a makarantar da aka fara kai su. Tun 2001 kuwa Richard Ingersoll ya riga ya nuna cutar makarantun nan ba ƙarancin masu shiga ba ce kamar yawan masu fita, saboda matsin aiki da rashin goyon bayan shugabanni da ƙarancin albashi. Tulu ne mai yoyo, ƙungiyar kuma gwanar ɗebo ruwa ce.

Ba wuya a gane dalilin da ya sa masu kyauta suka ƙaunaci wannan hanya. Ɗaukar mutum abu ne da a ke ƙidayawa a ƙarshen shekara a rubuta cikin rahoto. Zaman malami shekara goma a wuri guda kuwa ba ya ganuwa cikin wa'adin kyauta, kuma ya rataya a kan albashi da halin hedimasta, abubuwan da ba su hannun gidauniya. Salon ya ƙetare teku, ya shiga Ingila da wasu ƙasashe, a 2017 kuma aka fara irinsa a Nijeriya, a jihohin Legas da Ogun. A gida kuwa kasuwarsa ta ja baya, a 2022 sababbin da ta ɗauka ba su kai 2,000 ba.

Ana cikin wannan, waɗansu suka koma kan tsohuwar hanya, da yawansu ba su ma san tsohuwa ba ce. A Shikago wani attajiri, Martin Koldyke, ya kafa makarantar horo a cikin makarantun birni a 2001. A Boston, shugaban hukumar ilmi Thomas Payzant ya ga wajen rabin sababbin malamansa suna barin aiki cikin shekara uku, ga ƙarancin malaman lissafi da kimiyya, ga malamai farare a gaban yara baƙaƙe. A 2003 aka kafa shirin zaman koyo na malamai, aka aro sunan daga yadda sabon likita ya ke zama a asibiti ƙarƙashin babba. A farkon shirin ɗan koyo ya kan yi shekara guda cur a ajin gogaggen malami, kwana huɗu a mako, sauran lokaci ya yi nazari, ana ba shi ɗan kuɗin abinci. A lokacin kuɗin karatunsa bashi ne na dala 10,000, ana yafe sulusi duk shekarar da ya koyar a Boston, in ya cika uku ya fita bashi. Wata gidauniyar garin ce ta biya kuɗin farawa, da yarjejeniyar hukuma za ta riƙa karɓar nauyin sannu a hankali. Wannan sharaɗi shi ne darasin da Cardozo ba ta samu ba.

A 2012 John Papay da abokansa na Harvard suka auna sakamakon. A shekarar farko 'yan shirin ba su kai sauran sababbin malamai ba wajen koyar da lissafi, abin da bai yi wa masu shirin daɗi ba. Amma suna ƙaruwa da sauri, zuwa shekara ta huɗu ko ta biyar sun wuce har tsofaffin hannu. Kuma 75 cikin 100 suna nan a makarantun Boston a shekara ta biyar, sauran kuwa 51. Ma'anar wannan ita ce ribar shirin ba ta fitowa sai bayan lokacin da kyauta ta saba ƙarewa. Da an yanke masa hukunci a shekara ta biyu da an ce ya fāɗi.

Tsadar kuwa tana nan inda ta ke tun 1963, sai an ciyar da baligi shekara guda bai riƙe aji shi kaɗai ba. Saboda haka shirye-shiryen nan ƙanana ne, kowanne gomomi ya ke fitarwa a shekara, a biranen da ke ɗaukar malamai ɗaruruwa. A 2008 Majalisar Ƙasa ta buɗe musu ƙofar tallafin tarayya, amma shi ma gasa aka riƙa yi a samu, na shekara biyar. Jihar Kalifoniya ta ware dala miliyan 75 a 2018, ta ƙara miliyan 350 a 2021, wanda ya fi ƙarfin abin da gidauniyoyi suka saba bayarwa a wannan fanni. An rubuta kuɗin na 2021 cikin kasafi a matsayin abin da a ke bayarwa sau ɗaya, a kashe shi cikin shekara biyar.